Bizar Ziyara Ba Ta Kai Mutum Arfa

Da an sauko daga idin ƙaramar Salla, sai tallan ya fara yawo a WhatsApp da bakin masallatai: Hajji cikin sauƙi, rabin kuɗin hukuma, ba layi, ba jiran kujera. A sama hoton Ka'aba, a ƙasa lambar waya. Duk shekara sai an yi shi, duk shekara kuma sai an samu masu sayar da gona ko bijimi su kai kuɗinsu. Abin ya ishe ni, shi ya sa na ce bari a zauna a warware maganar, ko Allah zai sa wani dattijo ya tsira da dukiyarsa da ransa.

Abin da masu wannan talla ke sayarwa bizar ziyara ce, wani lokaci kuma ta Umara. Za a sauke mutum a Jidda tun cikin Shawwal, a ce ya lallaɓa ya shige Makka ya laɓe har ranar Arfa. Da yake daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda awa 5 ma ba ta cika ba, ga kuma 'yan uwa birjik a can, sai mutane su ɗauka ƙetare Bahar Maliya bai fi zuwa Maraɗi ko Yamai ba, inda Bahaushe ya saba wucewa ba tare da an tambaye shi biza ba. To Saudiyya ba haka take ba. Bizarta kala-kala ce: akwai ta Hajji, ta Umara, ta ziyarar dangi ko kasuwanci, ta yawon buɗe ido, ta aiki, har da ta yada zango ta awa 96 da aka fito da ita a 2023. Kowace da abin da aka yarda ka yi da ita. Umara an sassauta ta ƙwarai, ana iya yin ta da yawancin waɗannan. Hajji kuwa biza ɗaya tak ke halatta shi ga baƙo, kuma a jikin bizar ziyara an rubuta ɓaro-ɓaro da Larabci da Turanci cewa mai ita ba shi da izinin aikin Hajji. Ejan da ke sayar da bizar ya san da rubutun nan. Yana dai dogara ne da cewa Baba ba zai karanta ba.

In ka yi wa mutum wannan bayani, amsar farko da za ka ji ita ce: "Ai ɗakin Allah ne, wa ya isa ya hana bawa zuwa ɗakin Ubangijinsa? Kakanninmu da ƙafa suka je, wa ya tambaye su takarda?" Gaskiya ne kakanninmu sun taka. Sun bi ta Borno da Wadai da Darfur, sun yada zango a Sudan suna noman auduga don neman guziri, sun hau jirgin ruwa a Sawakin suka ƙetara Jidda. Wasu sun shekara biyar, wasu goma, wasu ma ba su ƙarasa ba, jikokinsu ne Hausawan da ke Mai Wurno da sauran garuruwan Sudan a yau. Amma a zamaninsu mutum nawa ke tsayuwar Arfa? A 2024 mahajjatan da aka ƙidaya sun haura miliyan 1.8. Kwarin Mina kuwa bai ƙara faɗi ba tun da Allah ya halicce shi. Wannan ne ya sa ƙasashen Musulmi da kansu, tun ƙarshen shekarun 1980, suka amince a riƙa raba kujeru, kimanin mutum 1,000 cikin kowane miliyan na al'ummar Musulmin ƙasa. A 2025 kason Najeriya ya kai 95,000, ana raba shi tsakanin hukumomin alhazai na jihohi da kamfanonin jirgin yawo masu lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. A Nijar hukumar COHO ke riƙe da wannan aiki. Da wannan lissafi ake kafa tantuna, a tanadi ruwa da motoci da gadajen asibiti. Wanda ya shigo ta bayan gida ba ya cikin lissafin, wurin wani ya matse.

Ta fuskar addini ma maganar ba ta tsaya ba. A watan Afrilun 2024 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta fitar da bayani cewa tafiya Hajji ba tare da tasarihi ba, wato takardar izinin Hajji, bai halatta ba, kuma mai yin haka ya yi zunubi, domin yana cutar da kansa yana cutar da sauran mahajjata. Ko ba a je nan ba, ɗan makarantar Islamiyya ya san Hajji na wanda ya samu iko ne. Wanda bai samu kujera ba, Allah bai ɗora masa ba. Ni dai na kasa gane yadda mutum zai ƙulla niyyar ibadar da ake fatan a dawo daga gare ta ba zunubi, amma matakinsa na farko shi ne ya yi ƙarya a takardar neman biza, na biyu kuma ya yi ƙarya ga jami'in da ya tambaye shi me ya kawo shi.

Amsa ta biyu ita ce wadda ta fi cin mutane: "Ai Alhaji wane ya yi haka shekarun baya, ga shi nan ya dawo lafiya har da haƙorin Makka." Ya yi, ba a musu. Amma Makkar da Alhaji wane ya shiga ba ita ce ta yau ba. Yanzu tun a filin jirgi an ɗauki hoton yatsunka, an haɗa shi da nau'in bizarka a kwamfuta. Hanyoyin shiga Makka duk shingaye ne, mafi shahara shi ne na Shumaisi a kan titin Jidda, sannan ana sintiri da jirage marasa matuƙa a kan hanyoyin cikin duwatsu da direbobin fasa-ƙwauri ke bi. Daga 2024 kowane mahajjaci sai ya rataya katin Nusuk, ana duba shi a ƙofar Harami da hanyar Mina da Arfa. A 2025 tun daga ranar 1 ga Zulƙida aka haramta wa duk mai bizar ziyara shiga Makka ko zama a cikinta, kuma ranar ce wa'adin ƙarshe na fitar masu Umara daga ƙasar. Ka lissafa: daga 1 ga Zulƙida zuwa ranar Arfa ya haura sati biyar. Duk tsawon wannan lokaci "alhajin" ejan yana kulle a wani ɗaki tare da mutum goma sha, ba ya iya fita sallar Harami, abinci sai an miƙo ta ƙofa, in an ji ƙarar mota a layi gaba ya faɗi. Mutum ya biya miliyoyi, Ka'aba na nan kusa da shi, amma ganinta ya gagara.

Sai ranar Arfa ta zo. Mai tasarihi yana da mota, yana da tanti mai sanyi, yana da likitocin tawagar ƙasarsa. Marar tasarihi ƙafarsa ce motarsa, kuma daga Makka zuwa Arfa kimanin kilomita 20 ne, da harami, kai a buɗe. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka. Ministan lafiyar Saudiyya ya sanar da mutuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji, sun yi tafiya mai nisa cikin rana ba inuwa ba wurin hutawa. Da yawa suna jin jiri amma suna tsoron kusantar motar asibiti kada a kama su. Wasu gawarwakin an daɗe ba a gano ko su wane ne ba, don ba kati ba munduwa. Masar, wadda ta fi kowa asarar rayuka, ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 da suka yi safarar mutane da irin wannan biza, Tunisiya kuma ta sallami ministanta na harkokin addini. Duk da haka a nan gida sai ka ji ana cewa ai sun yi kyakkyawan ƙarshe. Allah ya jiƙansu, ya karɓi niyyarsu. Amma kyakkyawan zaton da muke yi wa mamaci ba ya wanke wanda ya karɓi kuɗin tsohuwa mai hawan jini ya sake ta a kan kwalta cikin wannan rana, shi kuwa yana ofishinsa a ƙarƙashin fanka.

Wanda aka kama kuma, ga abin da ke jiransa. A 2024 tarar riyal 10,000 ce. A 2025 aka ninka ta zuwa riyal 20,000, wato sama da dala 5,000, wanda a canjin shekarar ya yi kusan daidai da kuɗin kujerar hukuma, naira miliyan 8 da wani abu. Araha ba ta ado. Bayan tara akwai tarhil, wato a koro mutum gida, da haramcin sake shiga ƙasar na shekara 10. Ga dattijo ɗan 65, wannan kusan bankwana ne da Makka. Wanda ya ɗauko shi a mota, ko ya ba shi masauki, ko ya nema masa bizar, tararsa na iya kaiwa riyal 100,000. Ke nan ɗan uwanka da ke zaune a Jidda da iƙamarsa lafiya lau, in ka matsa masa ya aiko maka bizar ziyarar dangi don ka tsallaka Hajji, ka jefa shi ne cikin masifa shi da iyalinsa.

Tsadar kujera da karyewar naira suna daga cikin abin da ke tura mutane, wannan kowa ya sani. 

To yaya mutum zai yi in yana son zuwa, Umara ko ziyara ko Hajji? Ka fara da fasfo. Ya zama saura aƙalla wata 6 kafin ya mutu, kuma sunan da ke cikinsa ya yi daidai harafi da harafi da na biza da na tikiti. Muhammad a nan, Mohammed a can, yana iya hana ka hawa jirgi. Allurar sanƙarau ka yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, ka riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara, a ɗiga maka na shan inna in an buƙata. Katin nan mai ruwan ɗorawa da ake saye ba tare da an yi allura ba, kai za a cuta a cikin cunkoson miliyoyin mutane, ba askarawa ba. Kafin ka ba kowane kamfani ko sisi, ka nemi sunansa a jerin waɗanda NAHCON ta ba lasisi a wannan shekarar, na bara ba ya isarwa. Kuɗi ya bi ta asusun kamfani a banki, a ba ka rasit da yarjejeniya a rubuce, wadda ta faɗi nau'in biza da sunan otal da ranar dawowa. Wanda ya ce ka tura a asusun ƙaninsa, ka tashi ka bar masa kujerarsa.

Idan biza ta fito, kada ka naɗe ta ka sa a aljihu kana hamdala. Ka ba yaronka ko wani mai karatu ya karanta maka layin da ya faɗi nau'inta, da adadin kwanakin da aka ba ka, sannan a shigar da lambarta a shafin intanet na ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya a tabbatar tana nan. Ka tambayi ejan kai tsaye: "Alhaji, wannan ta Hajji ce ko ta ziyara?" In ya ce, "Haba Baba, duk ɗaya ne, ai muna da mutanenmu a can," to ya ba ka amsa. A lura kuma da bambancin tsawon ran biza da kwanakin zama. Biza tana iya zama ta shekara guda, amma zaman da aka yarje maka a ciki bai wuce kwana 90 ba. Wanda ya zarce wa'adinsa, hukumomin Saudiyya sun ce tararsa na iya kaiwa riyal 50,000 da ɗaurin da zai iya kai wata 6, sannan a koro shi.

Riƙe biza a hannu ma ba ya nufin an shiga. Jami'in shige da fice na Jidda shi ke da magana ta ƙarshe. A watan Nuwamban 2023 wani jirgi ya sauka can daga Legas da Kano da fasinjoji 264, aka dawo da 177 daga cikinsu, ofishin jakadancin Saudiyya ya ce sun bayar da bayanan da ba daidai ba don samun nau'in bizar da ba tasu ba. Mai yiwuwa da yawansu ba su ma san abin da aka cike da sunansu ba. Saboda haka duk takardar da za a cike a madadinka, ka nemi a karanta maka ita kafin a tura. In an rubuta kai ɗan kasuwa ne da aka gayyata taro alhali kai manomi ne mai niyyar Umara, kai za ka tsaya gaban jami'in, ejan ba ya nan.

Sai maganar kaya. Goro, komai son da kake masa, ka bar shi a gida, hukumar alhazai ta sha gargaɗi a kansa. Maganin asibiti ya zama cikin kwalinsa tare da takardar likita. Saƙon "don Allah Hajiya ki miƙa wa 'yata wannan ƙullin" kuwa, ki ba da haƙuri ko da maƙwabciya ce, domin hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. Jama'ar Kano ba su manta ɗalibar da aka kama a Madina a ƙarshen 2018 ba, wadda wasu miyagu suka liƙa sunanta a jakar ƙwaya tun daga filin jirgi. Sai da ta yi wata 4 a tsare kafin gaskiya ta yi halinta. Ki ƙirga jakunkunanki da kanki a wurin awo, ki duba adadin da aka rubuta a tikiti, ki adana 'yan takardun shaidar kaya har ki fita daga filin jirgin Jidda. Ki ɗauki hoton fasfo da biza a waya, ki bar kwafi a gida, ki kuma nemi lambar ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda tun kafin ki tashi.

Wanda kuɗinsa bai kai kujerar bana ba, akwai shirin Adashin Gata da NAHCON ta ƙaddamar a 2020 tare da bankin Jaiz, inda ake zubi a hankali har kuɗi su cika. Ana iya yin rajista a banki, ko a nemi bayani a ofishin hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ko wurin jami'in alhazai na ƙaramar hukuma.