Waswasin da ya zama ciwo: alamominsa da maganinsa

Ɗan'uwa mai sana'a a Suk al-Arabi, bayan abin da kasuwar nan ta gani tun watan Afrilun 2023, babu mai ganin laifinka don ka girgiza kwaɗon shago sau biyu kafin ka tafi. Wanke hannu da sabulu a lokacin kwalara kuwa wajibi ne. Amma idan har ka hau motar Omdurman ka sauko domin duba kwaɗon da ka san ka kulle, yau haka gobe haka, to abin ya wuce taka-tsantsan. Likitocin nan suna kiransa al-waswas al-ƙahri.

Fuska biyu gare shi. Da farko wani tunani ne yake kutsowa ba da sonka ba: ko najasa ta taɓa ni, ko na yi kuskure a lissafi, ko wata mummunar kalma game da addini wadda kai kanka kake ƙyama. Sai ka yi wani aiki domin zuciya ta kwanta, ka sake alwala, ka sake ƙirga kuɗi, ka sake buɗe Bankak. Sauƙin ba ya daɗewa, kuma kowace maimaitawa ƙara wa ciwon ƙarfi take yi. Idan yana cinye maka fiye da awa 1 a rana, ko yana hana ka ciniki da salla cikin natsuwa, ka nemi taimako. Yakan kama mutum 1 zuwa 2 cikin 100, galibi tun a ƙuruciya, mata da maza.

Wannan ba raunin imani ba ne, ba kuma hauka ba. Malaman Malikiyya, tun a littafin Ahalari, sun ce wanda kokwanto ya aura ya yi watsi da shi. Maganin asibiti ma a kan wannan hanya yake: ƙwararre zai koya maka ka fuskanci abin da kake tsoro kaɗan-kaɗan, ka ƙi maimaitawa, har fargabar ta sauka da kanta. Da wuya a farko, amma yana aiki. Akwai kuma ƙwayoyi irin su fluoxetine da sertraline, waɗanda kan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu. Kada ka saye su da ka, kada kuma ka daina su farat ɗaya. Mai juna biyu ta sanar da likita.

Ku iyali, ba'a da tsawa ba sa warkarwa. Haka ma amsa masa sau goma cewa "ka kulle", domin ciyar da ciwon kuke yi. Ku amsa sau ɗaya cikin taushi, sannan ku raka shi asibiti.

Asibitin Tijani al-Mahi a Omdurman da na Taha Ba'ashar a Bahri su ne sanannu a wannan fanni. Da yake yaƙi ya taɓa ayyukan lafiya, fara tambaya a cibiyar lafiya ta unguwarku inda ake ganin likita yanzu. Wanda ya fara tunanin halaka kansa kuwa, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.