Lauya Ba Sai An Yi Rigima Ba

Na gaji da jin 'yan kasuwarmu suna cewa, "Me ya yi zafi har za a kira lauya? Ai ba faɗa muka yi ba." Mutum biyu za su haɗa jarin miliyoyi a Kantin Kwari ko Singa, ba takarda, ba shaida, wai amana ta wadatar. Ranar da ɗayansu ya kwanta dama, sai magada su fito kowa da nasa lissafin, zumunci ya watse, jarin ya ƙare a zaryar kotu.

Akwai lauyoyin da sukan shekara ba su tsaya gaban alƙali ba. Aikinsu tsara yarjejeniya da bin diddigin takardu kafin kuɗi ya bar hannu, kuma dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, wadda hukumar CAC ke aiwatarwa, ita ce abin aikinsu na kullum.

Masu cewa rubutu alamar rashin yarda ne, ina suka samo wannan? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da rubuta bashi da kafa shaidu. Ko mun fi Sahabbai riƙon amana ne? Mai gaskiya ma yana mantuwa, yana mutuwa, kuma 'ya'yansa ba sa wurin lokacin da aka yi maganar. Kunya ce kawai ke hana mu, ga kuma ƙyashin kuɗin lauya.

Wani ma ya yi rajistar sunan kasuwanci yana ta murna ya buɗe kamfani. Ina! A idon doka shi da shagon abu ɗaya ne, bashi ya taso har gidansa ana iya bi. Kamfani mai iyakantaccen alhaki ne ke cin gashin kansa, kuma tun 2020 mutum ɗaya tak na iya kafa shi.

Don haka kafin ku haɗa jari, ku zauna da lauya a rubuta abin da kowa ya zuba, da kason riba da asara, da wanda zai sa hannu a banki. A fayyace yadda mai son fita zai sayar da hannun jarinsa, da haƙƙin magada idan mutuwa ta zo. In fili za ku saya, a bincika takardar mallaka a ma'aikatar filaye. Kuma don Allah, kada lauyan abokin cinikinka ya zama shi ne naka. Nemi wanda zai karanta maka kowane layi kafin ka sa hannu.