RUWAN BAGAJA BIYU NE: NA KAKA DABAN, NA LITTAFI DABAN

Da wuya a sami ɗan Arewa da ya zauna a aji bai ji sunan Ruwan Bagaja ba. To, amma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, suna ɗaya ne ke ɗauke da labari biyu, watau tatsuniyar da tsofaffi ke yi wa yara da dare, da kuma littafin marigayi Alhaji Abubakar Imam. Wanda ya san ta farko ya buɗe na biyu yana nemanta, lalle zai rufe littafin da sanyin jiki.

Haka ta faru ga wata malamar makaranta 'yar Samaru Kataf, garin nan na ƙasar Atyap da ke cikin ƙaramar hukumar Zangon Kataf, a kudancin Jihar Kaduna. A wannan yanki Hausa ita ce harshen kasuwa da tashar mota, saboda haka yaro kan tashi da tatsuniya iri biyu, ta harshen gida da ta Hausa. Malamar ta sayi littafin a Kafanchan domin ta karanta wa 'ya'yanta labarin da kakarta ta saba yi mata. Ta bi shi shafi shafi har ƙarshe, ba ta ga yarinyar da take nema ba.

Yarinyar kuwa ita ce 'yar bora. Ko da yake kowane gari da yadda yake ba da tatsuniyar, ƙashin bayanta ɗaya ne. Wani mutum na da mata biyu, mowa da bora, kowace da 'yarta. 'Yar mowa ta ɓata shimfiɗa da dare, aka ɗora wa 'yar bora laifin, aka kore ta ta je ta wanke ƙirgin a Ruwan Bagaja. Ta yi ta wuce koguna tana tambaya, ba ta yi kwaɗayin abin da suka yi mata tayi ba. Ta sauka a wata bukka inda ta tarar da cinya da kare, ba ta yi musu dariya ba, ta yi duk aikin da suka sa ta. Da za ta tafi aka ba ta ƙwai, ta fasa inda aka ce ta fasa, sai ga dawaki da barori da dukiya. Da mowa ta ga haka sai ta tura tata 'yar, ita kuwa ta yi rashin kunya tun daga ƙofar bukka, ta dawo gida da wahala.

Littafin Imam kuwa wata hanya ya bi. A cikin shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana malami a Midil ta Katsina a lokacin. Littafinsa na cikin biyar ɗin da suka fito daga wannan yunƙuri, tare da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. A cikinsa babu bora babu mowa. Alhaji Imam ne ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, domin ya share wa Liman kunyar da aka ba shi a fada, yana tafe suna ta shirya wa juna tsiya shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Manazarta sun nuna cewa wannan wasan kura na malaman biyu ya samo asali daga Maƙamatul Hariri na Larabci, neman ruwan magani kuma ya yi kama da wata tatsuniyar Jamus daga cikin waɗanda 'yan'uwan nan Grimm suka tara.

To, shin malamar ta yi gaskiya da ta ji haushi? Ta wani gefen ba ta yi ba, domin Imam bai yi alkawarin maimaita tatsuniya ba, kuma littafinsa na cikin waɗanda suka koya wa Hausa tafiya a kan takarda. Amma ta wani gefen tana da hujja. Tatsuniyar ta mata ce, mata ke yin ta, kuma tana faɗa wa yarinyar da ba a so uwarta a gida cewa ladabi da haƙuri ba su faɗuwa ƙasa banza. Littafin kuwa na maza ne, wayo da dabara ne jarinsa. Da ya shiga makarantu sai sunan ya koma nasa, har aka wayi gari in an ce Ruwan Bagaja, Malam Zurƙe ake tunawa, 'yar bora kuwa an bar ta a bakin kogi.

Ba a rasa waɗanda suka yi ƙoƙarin adana tatsuniyoyi ba. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Sai dai takarda ba ta rera waƙar da yarinyar ke yi wa koguna, ba ta kuma kwaikwayon gurnanin cinya har yara su ƙanƙame juna.

Nan ne maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Agege da Idi Araba da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal. Yaran da aka haifa a waɗannan unguwanni sun yi nisa da kakanninsu, Hausarsu ma ta gauraya da Yarbanci da Turanci. Littafin Imam dai ana iya aikawa a sayo shi daga Zariya ko Kano, amma 'yar bora ba a sayar da ita a kanti. In uwa ko uba bai zaunar da su bayan cin tuwon dare ya ce musu ga ta nan ga ta nanku ba, to babu mai yi musu. Saboda haka a saya musu littafin su karanta, a kuma yi musu tatsuniyar da baki, domin su san Ruwan Bagaja biyu ne.