Tsohon faifan garmaho ya sake daraja

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram da Yamai, akwai tsofaffin faya-fayan garmaho jibge a akwati, ƙura ta rufe su tun lokacin da kaset ya kore su daga kasuwa. Magada kan ɗauke su tarkace. Amma a ƙasashen Turai da Amurka kayan nan sun sake daraja: a shekarar 2022 faifan garmaho ya fi na CD yawan sayuwa a Amurka, abin da ba a gani ba tun 1987.

Masu neman su sun daɗe suna zagaya Afirka ta Yamma, suna bin kasuwanni da ɗakunan ajiyar tsofaffin masu sayar da kiɗa. Samy Ben Redjeb, wanda ya kafa kamfanin Analog Africa a Jamus, ya tono faya-fayai a Kwatano da Lome, ya zaɓi waƙoƙin mawaƙa daban-daban na shekarun 1970, ya haɗa su a faifai guda mai suna African Scream Contest a 2008. Kafin nan, kamfanin Strut na Ingila ya fitar da Nigeria 70 a 2001. Amfanin irin wannan haɗin gambiza shi ne mai saye ya nemi mawaƙi ɗaya, ya gamu da goma da bai taɓa jin sunansu ba.

Nijar ma ta shiga sahu. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na organ a 1978, kiɗan da radiyo da talabijin na ƙasa suka riƙa sakawa tsakanin shirye-shirye. Ba'amurke Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya buga shi a faifai a 2013. Daga nan aka gayyaci Mamman Sani Turai ya yi wasa.

Sai dai akwai abin lura ga 'yan kasuwa. Wanda bai san darajar kayansa ba, a kan kuɗin goro zai rabu da su. Farashin faifai yana bin ƙarancinsa, da lafiyar fuskarsa, da kasancewar rigarsa ta asali. Zafi yana tanƙwara shi, yashi yana karce shi; don haka a tsaye ake ajiye shi, a inuwa.

Akwai kuma batun haƙƙi. Sayen faifai bai ba mutum izinin sake buga waƙar ba. Sai da yardar mawaƙi ko magadansa, ko wanda ke riƙe da haƙƙin. Kuma duk faifan da ya tsallaka teku ba a bar kwafinsa ba, jikokin mawaƙin sai sun saye shi daga waje kafin su ji muryar kakansu.