Idan kik ya ƙi saki bayan mota ta tashi

Masu tsofaffin Peugeot 504 a Banyo sun san wannan ƙarar: inji ya kama, amma kik na ci gaba da kuka. Kashe motar nan take. In bai daina ba, cire kan batir na nagatif, don kada wayoyi su kama wuta.

Sai bincike. Zare siririyar wayar da ke zuwa solenoid, ka mayar da batir. Kik ya yi shiru? Laifin makulli ne ko wayarsa. Ya ci gaba da juyawa? Solenoid ya manne, kuma sau da yawa raunin batir ke jawo haka. Ƙurar hanyar Tibati ma takan daskarar da ƙaramar giyar kik ɗin, a wanke ta.

Direba, kada ka hau hanya da wannan matsalar. Haƙoran fulawil za su cinye.