Jirgin Masha'ir: kilomita 18 tsakanin Mina da Arfa

Mafi yawan maniyyatan da ke tasowa daga gundumomin Madawa, Buza da Keita ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Abin ba mamaki, domin babu dogo a jihar Tawa duka, kuma wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, aka ƙaddamar da shi a 2016, bai kama aikin jigilar jama'a ba. To, ga shi a ƙasa mai tsarki akwai wani jirgi da alhaji zai gani ko da bai hau shi ba, ya kuwa kamata ya san labarinsa tun yana gida.

Jirgin irin wanda Faransawa ke kira metro ne, watau jirgin cikin gari mai tafiya da lantarki, wanda hanyarsa ba ta gamuwa da ta mota ko ta mai ƙafa. Birnin Landan ya fara yin irinsa a 1863, Paris ta bi a 1900, Alƙahira ta zama ta farko a Afirka a 1987. Waɗannan suna da sassan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Na Makka kuwa bisa dogayen ginshiƙan siminti aka aza hanyarsa, yana wucewa ta saman tantuna da tituna.

Dalilin gina shi yana cikin aikin hajji kansa. Ran 8 ga Zulhajji alhazai na tafiya Mina. Washegari su nufi Arfa, rana na faɗuwa su tashi gaba ɗaya zuwa Muzdalifa, su kwana, su komo Mina domin jifa. Tafiyar ba ta da nisa. Mutumin ƙauye kan yi irinta da jakinsa ran kasuwa. Wuyar ita ce mutum fiye da miliyan guda ke yin ta a lokaci guda, a kwaruruka tsakanin duwatsu, kuma ba wanda ke da ikon ɗage lokacin. A da motoci kan cushe har su shafe awoyi ba su gusa ba.

A watan Fabrairu na 2009 gwamnatin Saudiyya ta ba wani kamfanin gwamnatin ƙasar Sin, mai suna CRCC, kwangilar aikin a kan riyal biliyan 6.65. Cikin ƙasa da shekara biyu aka gama, jirgin ya fara aiki a Nuwamba 2010, a hajjin shekarar 1431. Wannan gaggawa ta ci wa kamfanin kuɗi, don ya bayyana hasarar da ta wuce dalar Amurka miliyan 600. A shekarar farko kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa kawai ya yi aiki, sai a 2011 ya cika.

Tsawon hanyar kilomita 18 ne da ɗan ɗoriya. Tashoshi tara ne: uku a Arfa, uku a Muzdalifa, uku a Mina, ta ƙarshensu kuwa tana dab da wurin jifa. Jirage 17 aka sayo, kowane da taragu 12, kowane na ɗaukar mutum 3,000, akasarinsu a tsaye. Gudunsa na kai kilomita 80 a awa, tafiya daga Mina zuwa Arfa kamar minti 20 ce. Kowane gefe na jirgin na da ƙofa 60, kuma a bakin dandamalin tasha an yi shinge mai ƙofofi da ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya daidai, don kada turereniya ta jefa wani kan dogo. Mutane ba sa zuwa yadda suka ga dama. Rukuni-rukuni ake kawo su daga tantuna, kowane da lokacin da aka yanka masa.

Wani abin da ya bambanta shi da sauran jiragen duniya shi ne kamar mako guda yake aiki a shekara. Sauran watanni gyara ne da gwaji. A 2020 da 2021, da annobar korona ta sa aka taƙaita hajji, bai ɗauki alhazai ba, sai a 2022 ya dawo.

An ƙera shi don ya kwashi mutum 72,000 a awa zuwa ɓangare guda, adadin da ba kasafai wani jirgi ke kaiwa ba. Amma wanda ya iya lissafi ya ɗauki alƙalami. A 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8. In an raba su da 72,000, za a ga jirgin na bukatar awa 25 kafin ya kwashe su, alhali tashi daga Arfa dare guda ne. Saboda haka wani kashi kawai yake ɗauka, musamman waɗanda tantunansu ke kusa da tashoshi, aka kuma tanadar musu tikiti. Saura na shiga manyan motoci, wasu su taka da ƙafa.

Tafiyar ƙafar nan ba abin wasa ba ce. Turmutsutsun da ya auku a Mina ran 24 ga Satumba 2015, wanda ya ci rayukan alhazai masu yawa har da ƴan Nijar, a kan titi ya faru, cikin masu tafiya wurin jifa. A 2024 kuma, da zafi ya wuce awo 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar mutum fiye da 1,300, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba da izinin hajji ba, suka yi doguwar tafiya cikin rana ba tanti ba mota.

Da yawa daga maniyyatan karkara dattawa ne, waɗanda suka sayar da shanu ko albasar shekaru kafin kuɗin kujera su cika. Ya dace wanda ya yi yaƙi da jahilci a gidansu ya karanta musu takardar yarjejeniya kafin a biya, ya tambayi kamfanin jigila ko hukumar alhazai ta COHO abu uku: ina tantin yake a Mina, da me za a kai su Arfa, kuma wa zai kula da marar ƙarfi a daren Muzdalifa.