Jamaika: Tekun na Baƙo Ne Ko na Ɗan Gari?

Duk lokacin da wani ya je hutu Jamaika ya watsa bidiyonsa a TikTok, sai a ji masu cewa ai mutanen tsibirin nan sun yi sallama da talauci, tunda baƙi sama da miliyan 4 suka ziyarce su a 2023, alhali su kansu ba su kai miliyan 3 ba. An ce gani ya kori ji, amma hakan ya danganta da abin da aka zaɓa aka nuna maka.

Abin da baƙon ya gani ba ƙarya ba ne. A Ocho Rios zai shiga layin mutane riƙe da hannun juna suna hawa duwatsun magangarar ruwa ta Dunn's River, jagora na gaba yana nuna musu inda za su taka. A Negril ya mimmiƙe a farin yashi, da yamma ya ci kazar jerk da aka gasa a rabin ganga, ta ji barkono. Sai dai da yawan baƙin a otal-otal ɗin da ake biya dunƙule suke sauka, inda kuɗin da aka biya tun daga gida ya haɗa ɗaki da ci da sha. Motar otal ce za ta ɗauko mutum daga filin jirgin Montego Bay, a ɗaura masa awarwaron roba a hannu, ita ce kuma za ta mayar da shi. Mai tallar kwakwa da direban tasi mai jar lamba sai dai su hango shi ta gilashi. Wanda ya je gidan biki ya tarar an yanka sa, ya koma yana cewa haka gidan ke ci kullum, bai san cewa washegari masu gidan ne za su wanke tukwane su biya bashi ba.

Ina kuɗin ke zuwa? Manyan otal da dama na kamfanonin Sifen ne, irin su RIU da Iberostar, ribarsu kuma gida take komawa. Kaso mai yawa na abincin da ake dafa wa baƙi daga waje ake shigo da shi. Masu zuwa a manyan jiragen ruwa kuwa, 'yan sa'o'i suke yi a Falmouth, ci da kwanansu duk a jirgi.

Abin da ya fi ci wa 'yan ƙasar rai shi ne gaɓar tekun kanta. Dokar gaɓar teku ta 1956, wadda aka yi shekara 6 kafin samun 'yancin kai, ta damƙa gaɓar a hannun hukuma ba tare da ta tabbatar wa ɗan ƙasa haƙƙin shiga ba. Hukuma ta riƙa ba da lasisi, masu otal suka ja katanga, masuncin da kakansa ke ɗaure kwalekwale a wurin ya wayi gari yana fuskantar maigadi. Wannan ne ya sa ƙungiyar JaBBEM mai fafutukar haƙƙin shiga gaɓar ta garzaya kotu.

Masu kare tsarin na cewa harkar na ciyar da dubban iyalai, kamfanin otal na Sandals ma ɗan Jamaika ne ya kafa shi a 1981, kuma a ƙasar da ke fama da kashe-kashe dole a tsare baƙo. Duk gaskiya ne, amma a Barbados kowace gaɓa ta jama'a ce, baƙi kuma ba su daina zuwa ba. Sannan arzikin da ya rataya a kan saukar jirgi ba shi da tabbas: da korona ta tsayar da tafiye-tafiye a 2020, tattalin arzikin Jamaika ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100, kuma da guguwar Melissa ta afka wa yammacin tsibirin a Oktoban 2025, baƙi sun hau jirgi, 'yan gari suka zauna da ɓaraguzai.

Jami'ai sun fi son sanar da adadin waɗanda suka sauka, domin ya fi daɗin faɗi. Ma'aunin gaskiya shi ne nawa ya tsaya a hannun ɗan gari, kuma ko ɗansa zai iya shiga teku ba tare da ya biya a ƙofa ba.